Benen da Aka Ce Zai Rushe

Ranar Litinin da safe, ruwa bai gama ɗaukewa ba, aka buga waya caji ofis na Marcory cewa an fasa ofis a wani gidan bene. Insifekta Mobio yana tsakiyar cin acheke, dambun rogo, da soyayyen kifi lokacin da Saje Yeo ya leƙo.

"Me aka ɗauka?" in ji Mobio.

"Fayil ɗaya, Shef."

"Ba kwamfuta, ba fanka?"

"Fayil kawai."

Mobio ya ɗaure bakin ledar abincinsa ya jefa a aljihun tebur. "Ɓarawon da ya tsallake kwamfuta ya ɗauki takarda ya san abin da yake yi. Tashi mu je."

Gidan bene ne mai hawa biyar, sashe ashirin, kowane sashe da mai shi. Matakala da rufi da wurin ajiye motoci kuwa na kowa da kowa ne. Tun daga bakin titi Mobio ya ga motocin kwasar kaya biyu, ga katifu an jingine da bango an lulluɓe da leda, ga wata mata rungume da tukunya tana share hawaye da gefen zane.

Mutum biyu suka tare shi. Na farko dattijo ne mai tumbi, Atse, tsohon shugaban makaranta, shi ne shugaban ƙungiyar masu gidan. Na biyu siriri ne mai fara'a, Norbert Lago, sakataren ƙungiyar.

"Mutuwa aka yi?" Mobio ya tambaya, yana nuna kayan.

"Gidan ne zai mutu," in ji Atse. "Wata biyu da suka wuce muka ga tsaga a ginshiƙan ƙasa. Muka ɗauko injiniya. Rahotonsa ya ce ginin ba zai ga ƙarshen damina ba."

Shekara shida da suka wuce Mobio ya kwana uku yana tonon wani bene da ya rufta da mutane, da hannunsa ya ciro wasu. Ya ɗaga kai ya dubi barandar da ke sama da shi, inda aka shanya kayan makarantar yara.

"Allah ya taimake mu na samo wani kamfani," in ji Norbert. "Sun yarda su saye gidan duka, don filin kawai. Ba wani abin kirki za su ba mu ba, amma da babu gara ba daɗi. Ranar Juma'a za a sa hannu. Sai lauyar da ke ɗaura cinikin ta ce dole ta ga rahoton na asali. To ga shi an sace. Mu ba ma son wahalar da kai, Insifekta. Takardar 'yan sanda kawai muke nema, mai cewa an sace na asalin, don ta karɓi kwafi."

"Takarda ba ta da wuya," in ji Mobio. "Nuna mini ƙofar."

Ofishin ɗan ƙaramin ɗaki ne a ƙarƙashin matakala. Kwamfuta tana kan tebur, ba wanda ya taɓa ta. A ƙasa ga kwaɗo an datse masa hannu da almakashin ƙarfe. Mobio ya ɗauka ya juya shi.

"Su wa ke da makulli?"

"Ni, da Norbert, da maigadi," in ji Atse.

Aka kira maigadin, Baba Tinga, tsoho mai furfura da ya shekara ashirin a bakin wannan ƙofa. Ya rantse tun safiyar Lahadi bai matsa ko'ina ba, ko ƙuda bai wuce shi ba.

"Ba ni makullinka, Baba."

Mobio ya zura makullin a ramin kwaɗon. Bai ko shiga ba. Ya sake gwadawa, ya karɓi na Atse ya gwada, shi ma haka.

"Baba, wannan ne kwaɗon ofishin?"

Tsohon ya kawo shi kusa da ido. "A'a. Namu mai ruwan zinariya ne, babba, ni na shafa masa mai ranar Alhamis. Wannan ban san shi ba."

Mobio ya sa kwaɗon a aljihu. Ba fasa ƙofar aka yi ba ke nan. Wani ya buɗe ta da makulli, ya tafi da kwaɗon gaskiya, ya yar da datsattse don a gani.

Ya ja tsohon gefe. "Baba, ni ba korarka na zo yi ba. Ina ka je jiya?"

Baba Tinga ya sunkuyar da kai. "Jikata aka yi wa suna a Koumassi, ɗana. Daga ƙarfe biyu zuwa shida. Na ce wa zai saci wani abu a gidan da kowa ke gudu?"

"Allah ya raya. Wa ke da kwafin rahoton nan?"

"Tanti Odile, a hawa na biyar. Ita aka fara yi wa."

Mobio ya bar Saje yana rubuta bayanai, ya kama matakala. A hawa na uku ya tsaya ya dafa bango. A na huɗu ya zagi kifin da ya ci. Da ya kai na biyar, wata tsohuwa mai tabarau ta riga ta buɗe ƙofa, tana riƙe da kofin ruwan citta mai sanyi.

"Tun daga ƙasa nake jin numfashinka," ta ce. "Zauna, ɗana, kada ka mace mini a ƙofa."

Tanti Odile tsohuwar ungozoma ce. Rabin yaran gidan ita ta karɓi haihuwarsu. Gwiwoyinta sun gaji da matakala, shi ya sa ta sa sashenta a kasuwa don ta koma garinsu, Aboisso.

"Har na samu mai saye," ta ce. "Massandje, wata malamar makaranta, da 'ya'yanta biyu. Yarinyar kirki. Mun gama magana, sai rahoton ya fito. Norbert ya ce mini, Tanti, doka ta ce sai kin nuna mata. Na ce ko doka ba ta ce ba, ni da na yi shekara talatin ina ciro 'ya'yan mutane da rai, zan sa na wata a kabari? Da kaina na kai mata. Ta karanta, ta yi kuka, na yi kuka, muka rabu."

"Kin ga injiniyan da idonki?"

"A kujerar da kake ya zauna. Kramo sunansa, wani gajere mai sanƙo. Ya sha citta kofi biyu, yana ta raha. Har ya ce mini, Tanti, gidan nan sai ya binne mu duka. Da rahoton ya zo na ce ashe baƙar magana ya gaya mini ban gane ba."

Ta miƙo masa kwafin. Shafi tara ne. A shafin farko an rubuta da manyan baƙaƙe cewa ginin yana cikin haɗari, a kwashe mutane.

"Kin karanta duka?"

"Wanda aka ce masa gidansa zai faɗo masa a ka, ina ya ga zuciyar shafi na biyu?"

Mobio ya karanta, sannu a hankali, yatsa a kan layi. A shafi na shida ya tsaya. Ya koma baya ya sake karantawa. Rahoton ya ce tsagar da ta fi muni tana jikin bangon ramin lifta, daga ƙasa har hawa na bakwai.

"Tanti, gidan nan yana da lifta?"

Ta cire tabarau ta dube shi. "Da akwai lifta zan sayar da gidana? Kai da ka hau yanzu kake tambaya?"

"Hawa nawa ne?"

"Biyar. Sama da ni sai tankin ruwa da Allah."

Mobio ya ninke takardar. Wani abu ya ɗan saki a ƙirjinsa, amma bai yarda ya nuna ba. Bai san tabbas ba tukuna, kuma bai ga amfanin ɗaga wa tsohuwa rai a banza ba.

"Jiya da rana kin ga wani abu ta taga?"

"Na ga Shugaba Atse wajen ƙarfe uku, yana cusa keken ɗinkin matarsa a bayan mota, yana waige-waige kamar wanda ya saci akuya."

A ƙasa, Saje Yeo ya karanta masa abin da ya rubuta. Atse ya ce jiya tun safe yana Bassam a bakin teku, bai dawo ba sai bayan magariba. Norbert ya ce yana ɗakinsa yana barci, zazzaɓi ya kayar da shi.

Mobio ya kira Atse cikin ofishin ya rufe ƙofa.

"Shugaba, a Bassam ake sayar da keken ɗinki?"

Gumi ya keto wa dattijon. Ya zauna a bakin tebur, ya ciro hankici.

"Kada ka gaya musu, Insifekta. Ni na tsaya a taro na ce kowa ya kwantar da hankalinsa har Juma'a, shugaba ba ya gudu. Amma tun makon jiya na kai matata da jikokina gidan 'yata a Cocody. Ina kwasar kaya kaɗan-kaɗan in ba kowa. Kunya ce ta sa na yi maka ƙarya."

"Ka shiga ofis jiya?"

"Ko kallonsa ban yi ba."

"Wa ya samo injiniyan?"

"Norbert. Shi ke duk zirga-zirgarmu. Shi ya kai shi ya zagaya, shi ya karɓo rahoton, shi ya yi mana kwafi."

"Ka taɓa riƙe na asalin a hannunka?"

Atse ya girgiza kai. "Ya ɗaga mana shi a taro. Daga nan ya sa a fayil."

"Ka kira injiniyan ka ji daga bakinsa?"

"Me zan ji? Abin a rubuce yake, da hatimi."

Daga nan suka haye gada zuwa Plateau, ofishin Metir Tanoh, lauyar da ke ɗaura cinikin. Mace ce mai kaifin ido, ba ta da lokacin doguwar gaisuwa.

"Abin a fili yake, Insifekta," ta ce. "Wanda ya sayi sashe a bene ba ɗakuna kawai ya saya ba. Ya sayi rabonsa na ginshiƙi da rufi da duk wata rigimar gidan. Saboda haka mai sayarwa ba shi da ikon ɓoye komai. Dokokin gidan, abin da aka yanke a tarurruka, duk wani rahoto a kan lafiyar ginin, sai an ajiye wa mai saye a gabansa kafin ya sa hannu."

"Amma kamfanin ya san ginin ba lafiya. Rushewa ma zai yi."

"Haka wakilinsu ya ce, wai in bar wahalar da kaina. Na ce masa ni ba don kamfani nake yi ba. Mutum ashirin za su rabu da gidajensu a kan kuɗin da bai kai na garejin mota ba, duk saboda takarda ɗaya. To sai na ga takardar nan da idona, na shafa hatimin da yatsana. A kwafi ba a gane hatimin tawada da wanda aka liƙa."

"Yaushe kika ce haka?"

"Ranar Juma'ar da ta wuce."

"Lahadi aka sace," in ji Saje Yeo.

"Kin nemi injiniyan?" Mobio ya tambaya.

"Na kira lambar da ke saman rahoton. Wani ya ɗauka ya ce Injiniya Kramo ya tafi Korhogo aikin wata shida, ba a samunsa."

"Kina da littafin da ke da sunayen injiniyoyi masu lasisi?"

Ta ciro shi daga kanta. Sunan Kramo yana ciki, da adireshinsa a Treichville. Lambar wayar ba ita ce ta kan rahoton ba.

Ofishin yana saman wani shagon tayoyi. Suka tarar da gajeren mutum mai sanƙo yana cin aloko, soyayyar ayaba, a kan zanen gini.

"An ce kana Korhogo," in ji Mobio.

"Ni? Rabona da Korhogo tun bikin ƙanwata. Lafiya?"

Mobio ya ajiye masa kwafin. Kramo ya goge hannu, ya duba shafin farko, fuskarsa ta canza. Ya buɗe na biyu, na uku, ya miƙe tsaye.

"Shafin farko ba nawa ba ne. Sauran nawa ne, amma na wani gini ne daban, mai hawa bakwai, wanda aka rushe bara. An canza adireshi, an liƙa hatimina. Wane ɗan banza ne ya yi wannan?"

"Shi nake nema. Amma fara gaya mini, Injiniya. Gidan Marcory, zai faɗi?"

"Faɗi? Ƙarfen da ke cikin ginshiƙan nan ya isa a ɗora wani bene a kai. Masu ginin dā ba sa wasa da siminti. Bututun ruwa ne ya fashe a cikin bango, ya jiƙa filasta, ta tsattsage. Aikin mai gyaran famfo ne na kwana biyu. Na auna kowane ginshiƙi, na rubuta haka."

Mobio ya ja kujera ya zauna. Sai a lokacin ya lura tun safe haƙoransa a cije suke. Ya sauke wani dogon numfashi, har Saje ya juyo ya dube shi.

"Shef, lafiya?"

"Lafiya lau, Yeo. Yau kam lafiya lau." Ya miƙa hannu ya ɗauki aloko ɗaya daga farantin injiniyan ba tare da an yi masa tayi ba. "Wa ka ba rahoton?"

Kramo ya buɗe littafin da masu karɓar aiki ke sa hannu. Ga kwanan wata, ga suna, ga sa hannu: Norbert Lago.

"Rahoton ginin da aka rushe fa, yaya aka yi ya fita daga nan?"

"Ranar da ya fara zuwa ya ce in nuna masa irin aikina, don ya gamsar da ƙungiyarsu. Na ba shi kwafin wancan ya tafi da shi. Kai, ni ma da wauta!"

Saje ya so a wuce a kama mutumin nan take. Mobio ya ce a'a. Sa hannu a littafi ya nuna Norbert ya karɓa, bai nuna shi ya sauya ba, zai iya cewa a ofis aka canza. Amma akwai abin da ba zai jira ba. Daga cikin mota ya kira Atse ya ce a dakatar da motocin kwasar kaya, kowa ya hallara a wurin ajiye motoci da ƙarfe huɗu, 'yan sanda za su ba da takarda.

Kafin huɗu wurin ya cika. Har da Tanti Odile, an sauko da ita tana dogara sanda. Norbert yana gaba da biro a hannu, yana jera wa tsofaffi kujeru.

Mobio ya shigo, Kramo na biye da shi. Norbert ya ga injiniyan, biron ya faɗi.

"Ah, mai shan citta!" in ji Tanti Odile. "Kai ne ka kashe mu da ranmu?"

Kramo bai tsaya gaisuwa ba. Ya ɗauki guduma daga jakarsa, ya nufi ginshiƙin da ya fi tsagewa. Mata suka yi ihu, wani ya ruga waje. Ya kai masa duka uku. Filasta ta zubo, siminti ya bayyana a ƙasa, sumul, ko layi babu. Ya sake dukansa, gudumar ta yi tsalle.

"Ku zo ku taɓa," ya ce. "Wanda ya ga tsaga in ba shi motata. Gidanku lafiyarsa ƙalau. Rahoton da aka nuna muku na jabu ne."

Sannan matar nan mai tukunya ta zube a ƙasa ta fashe da kuka, tana dariya a ciki. Wani ya fara waƙar coci, wani yana ta alhamdu lillahi, mutane suna layi suna shafa ginshiƙi kamar jariri. Atse ya rungumi Baba Tinga har hular tsohon ta faɗi.

Mobio ya bar su suka yi mai isarsu. Ba kullum aikinsa ke kawo irin wannan labari ba. Da hayaniya ta lafa ya ɗaga hannu.

"Norbert, kai ka karɓo rahoton."

"Ni na karɓo, ban musa ba," in ji Norbert, murmushinsa ya dawo. "A rufe na kawo shi na sa a ofis. Mutum uku ke da makulli, Insifekta. Ni jiya ko tashi ban iya yi ba."

"Haka ne. Baba Tinga, kawo makullinka."

A jikin bangon baya akwai ƙananan ɗakunan ajiya guda ashirin, kowane sashe da nasa, kowanne da kwaɗonsa. Mobio ya riga ya zagaya su da ido tun shigowarsa. Ya bi layin a hankali, mutane na biye, ya tsaya a na goma sha ɗaya. Kwaɗo ne babba mai ruwan zinariya, yana ƙyalli da mai.

"Na wa ne wannan ɗakin?"

"Na Norbert," in ji mutum uku a tare.

"Ka ba ni izini in gwada, ko mu jira takardar alƙali?"

Norbert ya ɗaga kafaɗa. Mobio ya zura makullin maigadi, ya murɗa. Kwaɗon ya buɗe.

"Namu ne!" in ji Baba Tinga. "Ga man da na shafa!"

A ciki, bayan wata tsohuwar firji, ga almakashin ƙarfe, ga fayil ɗin, ga ƙaramar waya. A cikin fayil akwai rahoto biyu. Ɗaya hatiminsa na tawada ne, ɗayan an yanko hoton hatimi an manna. Saje ya kunna wayar, ya kira lambar da ke saman rahoton jabu da tasa wayar. Ta yi ƙara a hannunsa.

"Ka ɓata wayonka a kan kwaɗo," in ji Mobio.

Norbert ya zauna a kan wata taya. Fara'ar nan duk ta zube.

"Kwaɗo ne mai kyau," ya ce a hankali. "Nawa na datse na yar a ofis, ɗakina ya zauna a buɗe. Na ce wa zai duba?"

"Me ya sa ka yi?"

"Wakilin kamfanin ne ya same ni. Shekara uku suna son filin nan, ba mai sayarwa. Da tsagar ta fito ya ce ga dama. Ya ce ba sai na tilasta wa kowa ba, doka za ta yi mana aikin. Muddin rahoton yana cikin fayil, duk mai sayarwa dole ya nuna shi, duk mai saye kuma zai gudu, sai su kaɗai. Sun yi mini alkawarin sashe biyu a sabon benen da za su gina."

"Shi ya sa ka fara da Tanti."

"Na san ba za ta ɓoye ba. In ita ta yarda, kowa zai yarda." Ya share fuska. "Ban zaci lauyar za ta nemi na asali ba. Da ta gan shi, da yatsa za ta ɓare hatimin."

Tanti Odile ta matso da sandarta har gabansa. Mutane suka buɗa mata.

"Norbert, ni na karɓi haihuwar 'yarka a kan matakalar nan, ranar da mota ta ƙi zuwa. Da gaskiyata ka yi mini tarko?"

Bai ɗago ba. Wasu samari suka fara matsowa suna naɗe hannun riga, Saje Yeo ya shiga tsakani da faɗin ƙirjinsa.

"Ba mai taɓa shi," in ji Mobio. "Yau ranar murna ce, kada ku ɓata ta da zuwa caji ofis. Norbert, sunan wakilin nan da lambarsa, a mota za ka ba ni."

Saje ya sa masa ankwa. Suna fita, direban motar kwasar kaya ya tare Atse yana tambaya ko a ci gaba da lodi.

"Sauke!" in ji Atse da muryar shugaban makaranta. "Duk ku sauke! Ni dama na gaya muku shugaba ba ya gudu."

Mobio ya dube shi. Atse ya kawar da kai yana gyaran murya.

A bakin ƙofa Tanti Odile ta riƙo hannun rigar Insifekta. Ta riga ta ciro wayarta, tana neman lamba da tabarau a kan hanci.

"Tsaya ka zama shaida, ɗana." Aka ɗauka. "Massandje? Ni ce. Kina zaune? To zauna. Gidan ba abin da ya same shi, ƙarya aka yi mana, ga ɗan sanda nan ki tambaye shi. Daina kuka ki saurara, don ba na son gobe ki ce na ɓoye miki. Famfon kicin yana ɗiga. Tagar ɗakin yara sai an ɗaga ta kafin ta rufu. Matar hawa na huɗu tana dakan sakwarar futu tun asuba, ranar Lahadi ma ba ta hutawa. Kin ji duka? Har yanzu kina so?"

Mobio bai ji amsar ba, amma ya ga tsohuwar ta cire tabarau tana goge ido. Ya buɗe wa Norbert ƙofar baya, ya dafa masa kai ya shiga. Saje Yeo ya tayar da mota, suka ratsa tsakanin katifun da ake mayarwa ciki.